Motar da Alhaji ya yaba

Ko da zan tsufa har in riƙa manta inda na ajiye hulata, ba zan manta da la'asar ɗin da aka yaba motata a bainar jama'a na ƙi bayar da ita ba. Shekaru sun shuɗe, amma har yau akwai gidaje a Magariya da ake kawo misali da ni idan ana maganar taurin kai. Ko a jikina. Sun daɗe suna faɗin nasu, yau ni ma ga nawa.

Ni makaniki ne, kuma tun ina koyon aiki ciwona ɗaya ne, gudu. Abokan aikina idan sun ga mota, abin da suke fara tambaya shi ne buhu nawa take ɗauka. Ni kuwa tambayata ita ce, idan aka taka ta daga tsaye, yaya take tashi? A garinmu wannan tambayar marar hankali ce. Gari ne na bakin iyaka, duk abin da ke da taya dole ya nemo abincinsa. Ko keke mutum ya saya, kafin mako ya zagayo ya ɗaura masa kaya a baya.

Motar da nake magana a kanta, a bayan wani gida na tsince ta a Damagaram, kaji na kwana a ciki. 'Yar ƙarama ce mai ƙofa biyu, wani ɗan gayu ya shigo da ita daga Kwatano, ya more ta har injin ya buga, ya watsar. Na sa aka jawo mini ita da igiya har Magariya, mutanen tasha na dariya suna tambaya ko akurki zan buɗe. Na fitar da mataccen injin, na samo wani a Kano da ya fi shi girma nesa ba kusa ba, na wata mota ne da aka daka ta baya, gabanta bai taɓu ba. Ya ƙi shiga. Sai da na yanke ƙarfe, na yi walda, na sake yankewa, na matsar da lagireto, tankin ruwan sanyaya inji, gaba, sannan ya zauna. Daga nan na ɗaura masa turbo, wata 'yar na'ura mai siffar dodon-koɗi wadda hayaƙin injin ke juyawa, ita kuma ta riƙa cusa masa iska da ƙarfin tsiya. Injin da ke shan iska haka sai ya ƙara shan mai, ya ƙara zafi, ya ƙara hauka. Na cire kujerar baya, na cire duk abin da ke da nauyi, har rediyo bai tsira ba. Damina ta zo ta wuce ina ƙarƙashin motar nan, wata ta sake zuwa ta same ni a can. Matata ta ce da ta sani da mai kiwon tantabara ta aura, shi aƙalla ana cin abin da yake kiwo.

Ba ni kaɗai ke da wannan ciwo ba. Akwai 'yan tsiraru irina a Damagaram da Matamaye da hayin iyaka, kowa da tarkacen da ya haɗa. Idan an gama kau da amfanin gona sai mu haɗu a wani fako a kan hanyar Yekuwa, fili ne shimfiɗaɗɗe mai tauri wanda ko ciyawa ba ta yarda ta fito a kansa. Mai garin wurin ya yarje mana, da sharaɗin mu tabbatar babu mutum babu dabba a kan layi kafin a tashi. Tseren ba dogo ba ne, daga wani gawo zuwa wata aduwa, bai kai rabin kilomita ba. Motoci biyu su jera, wani ya ɗaga hularsa sama, idan ya sake ta ta taɓa ƙasa sai a taka. Babu kwana, babu wata dabara, kafin mai kallo ya gyara tsayuwa an gama. Ba a cin komai sai baki, wanda aka tsere wa shi zai sha ba'a har wani ranin.

Yayana, wanda nake bi, direba ne, kuma ban taɓa ganin mai hannun sitiyari kamarsa ba. A lokacin yana aiki wajen wani attajiri da kowa ke kira Alhaji kawai, kamar babu wani alhajin a garin. A shekarun can mai na araha a hayin iyaka, kuma kowa ya san yadda yake shigowa: a shaƙe mota da bido-bido na esansi, wato jarkokin fetur, a bi ta daji ba fitila, a kauce wa 'yan duwan, wato kwastan. Aikin Yaya ke nan. Ba ma maganarsa a gida, sai dai innarmu ba ta karya kumallo sai ta ga takalmansa a ƙofar ɗakinsa. Filin da na kafa garejina shi ma na Alhajin ne, albarkacin Yaya aka ba ni na buga rumfa.

Ranar da abin ya faru, muna cikin duba layi bayan la'asar sai ga mota ta taho daga wajen gari. Babbar kat-kat ɗin Alhaji ce, irin motar dajin nan mai ja da ƙafa huɗu, wadda ake fahariya babu motar duwan da ta taɓa kamo ta, Yaya ke tuƙi. Aka fito wa Alhaji da kujera aka ajiye masa a inuwar gawo. Mutumin da ya sha cewa wasanmu aikin marasa abin yi ne, yau ga shi da kansa. Ni da wautata sai kaina ya kumbura, na ɗauka kallo ya zo yi.

Yaya ya tako ya dafa kapo ɗin motata, wato murfin injin. “Ƙane, Alhaji ya ce a jera ta da tamu a gani.”

Na ce, “Yaya, ka rufa wa kanka asiri, akwai mutane a nan.”

“Kai dai ka ɗaure ƙofofinka da kyau, kada iskata ta kwashe su.”

Muka jera. Kat-kat ɗin ta yi mini rumfa, sai na ɗaga kai nake ganin fuskarsa. Na riƙa taka mai kaɗan-kaɗan har turbo ɗin ya fara fito, wannan siririn fito da na fi son ji a kan kowace waƙa. Hula ta faɗi. A tashin farko shi ya riga ni, don ƙafafunsa huɗu duk suna ja, ni kuwa tayoyina na baya sai da suka tona ƙasa kafin su kama. Na sa bitas ta biyu, wato giya ta biyu, iska ta cika injin, kujera ta naushe ni a gadon baya. Na ga ƙofarsa, na ga kapo ɗinsa, daga nan ban sake ganinsa ba sai a madubi. Da na wuce aduwa na ɗaga ƙafa, sai na shiga aikin da 'yan kallo ba sa gani, wato lallashin motar ta tsaya. Birkinta na asali ne, na ƙaramin inji, don haka sai da na ci fili mai yawa ina takawa ina saki, gindinta na rawa, allurar zafi ta kusa taɓa ja. Haka take kullum. Tsere ɗaya, sai a buɗe kapo a bar ta ta huce kamar mai zazzaɓi.

Na dawo a hankali ana ta tafi. Yaya ya fito yana dariya ya rungume ni, babu ɓacin rai ko kaɗan a fuskarsa, har ya fi ni murna. Mutumin da tun muna yara ko a langa ba ya yarda a ka da shi. Wannan kaɗai ya isa ya sa ni tunani, amma daɗin tafi ya toshe mini kai.

Sai Alhaji ya taso. Duk wanda ya zo kallon motata wajen injin yake nufa, ya leƙa, ya riƙe baki. Shi ko kallon wajen bai yi ba. Ya zagaya baya, ya ce a buɗe masa. Ya sunkuya inda na cire kujera, ya shiga auna faɗin wurin da kamun hannu, leɓensa na motsi. Ya danna gindin motar ya ga yadda take lotsawa. Ya dubi Yaya, Yaya ya gyaɗa kai. Na san wannan awon, tun ina ƙarami nake ganin ana yinsa a bayan tasha. Bido yake lissafawa.

Ya juyo, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. “Ɗana, Allah ya yi wa hannunka albarka. Motar nan ta shiga raina. Na yaba.”

Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da ke bin bayan wannan magana. Idan babba ya yaba abinka a gaban mutane, doki ne ko rago ko agogo, amsar ɗaya ce: naka ne, ranka ya daɗe. Yawancin manya sai su yi murmushi su ce Allah ya bar maka, a wuce wurin. Wasu kuma su karɓa, su aiko da tukuicin da ya fi abin daraja, kowa ya fita kunya. Alhaji cikin masu karɓa yake, kuma hannunsa a sake yake wajen tukuici. Abokaina har sun fara taɓa juna, a ganinsu na haye. Amsar tana kan harshena, tarbiyya ce ta ajiye ta a can, saura kaɗan ta fito ba da izinina ba.

Na durƙusa na ce, “Na gode, Alhaji. Allah ya ƙara girma.”

Na yi shiru. Shi ma ya yi shiru yana jiran sauran. Wurin ya yi tsit har ina jin ƙarfen injina na ƙas-ƙas yana hucewa.

Ya ce, “Na ce na yaba.”

“Na ji, ranka ya daɗe. Na gode.”

Yaya ya zungure ni da gwiwa ta baya. Ban motsa ba. Alhaji ya yi wata 'yar dariya ta hanci, ya gyara babbar rigarsa, ya ce a kai shi gida. Kafin motarsu ta ɓace rabin 'yan kallo sun watse, sai ka ce rashin kunyar tawa cuta ce mai yaɗuwa.

Washegari da hantsi Yaya ya same ni a gareji. Ko sallama bai yi ba.

“Ka san abin da ka yi kuwa? Ka tsinka ni a gaban ubangidana.”

Na ce, “In na bayar, wa zai tuƙa ta?”

“Wa yake da shi da ya wuce ni?”

“Shi ya sa ban bayar ba.”

Ya zauna a kan wata tsohuwar taya, ya sassauta murya. Ya ce 'yan duwan sun samo sababbin motoci, kat-kat ɗin ta fara gazawa, kwanan baya da ƙyar ya sha. Ya ce duk direban da aka kama, ubangida ba ya saninsa. Sannan ya dube ni ya ce, “Ina da iyali. Ka ƙera abin da zai fisshe ni, amma ka zauna a kansa saboda wasan yara?”

Maganar ta soke ni, don ba ƙarya yake yi ba, kuma ban taɓa ganin tsoro a idonsa ba sai ran nan. Na kama hannunsa na zagaya da shi motar. Na nuna masa bututun hayaƙi da ya bi ta ƙarƙashin daidai inda za a jera bido, wanda bayan tsere ɗaya ko hannu ba ka iya kai wa kusa da shi. Na tuna masa birkin da ke kasa tsayar da ita ba kaya, a fili shimfiɗaɗɗe, ido na ganin gabansa. Na sa shi ya sunkuya ya ga cikinta da ke kusan shafar ƙasa, kututture ɗaya ya ishe ta. Na ce masa an haɗa ta ne ta zabura a miƙe na ɗan lokaci ta tsaya ta huta, ba ta san kwana ba, ba ta san yashi ba, ba ta san nauyi ba.

Ya ce, “Sai ka gyara mana. Ba kai ne gwani ba?”

“Wannan ba ta gyaruwa ta zama abin da kuke so. Ko tana gyaruwa ma ba zan taɓa ba. Ba zan haɗa maka makara da hannuna, in cika ta da esansi, in miƙa maka mabuɗi ba, Yaya.”

“Rai a hannun Allah yake.”

“Haka ne. Mabuɗin kuwa a hannuna yake.”

Ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa. “Daga yau ka nemi wani yayan,” in ji shi, ya fita.

Cikin 'yan kwanaki maganar ta cika gari. Kawunmu ya kira ni ya wanke ni tas, ya ce na zubar da mutuncin gida saboda gwangwani. Dattawan unguwa da ke amsa gaisuwata da fara'a suka koma amsawa da ka. Abin da ya fi ci mini rai shi ne babu wanda ya tambaye ni dalili, kowa maganar kunya yake. Kuma duk sun san abin da za a yi da motar, sun san wanda zai shiga ciki, amma a wurinsu shirun da na yi a gindin gawo ya fi wannan muni. Har gobe idan na tuna sai raina ya ɓaci.

Mutum ɗaya nake tsoro, innarmu. Da ta ce in bayar, ban san yadda zan yi ba, don ban taɓa musa mata ba. Ta aiko kirana, na je na same ta tana tsince wake a faifai. Ba ta ɗago ba.

Ta ce, “Shi zai hau?”

Na ce, “Shi, Inna.”

Ta ci gaba da tsintarta har na fara tunanin ta manta da ni. Can ta ce, “To tashi ka tafi wajen aikinka.” Iyakar abin da ta taɓa faɗa a kan maganar ke nan har ta koma ga Allah, kuma ya ishe ni.

Ba a daɗe ba saƙo ya zo daga Alhaji, wai yana bukatar filinsa kafin kasuwa mai zuwa, shago zai gina. Manzon ya ƙara da cewa idan na sake tunani, ginin ba na gaggawa ba ne. Masu ba ni shawara suka ce tun da dai na ƙi, to in kwashe kayana in sulale ta bayan gari ba wanda ya gani. Na ce sata na yi? Na jira ranar kasuwar da kanta, da hantsi, lokacin da hanya ta fi cika. Na ɗauko amalanken shanu, muka loda kwanon rumfa da injin walda da akwatunan kayan aiki, muka bi babbar hanya, wadda ta ratsa ta ƙofar shagon Alhaji. Shanu na gaba, ni ina baya a cikin motar. Motar da ta tsere wa kat-kat ga ta tana bin sawun shanu a bitas ta ɗaya, tana tari tana gunaguni, don ba ta iya tafiyar hankali ba. A tsakiyar 'yan tumatir ta yi zafi, sai da na fito na ba ta ruwa, mata na dariya. Ni ma na taya su.

A ƙofar shagon na tsaya, na kashe ta, na fito na cire takalmi. Na durƙusa na gaida shi kamar yadda aka koya mini, na ajiye mabuɗin kwaɗon garejin a gefen tabarmarsa.

“Ga amanarka, Alhaji. Na gode da zaman da na yi.”

Ya dubi mabuɗin, ya dubi motar ta saman kaina. “Za ka ji jiki, ɗana.”

“Na sani, ranka ya daɗe.”

Na kuwa ji. Na koma gindin wata dalbejiya a bakin gari, direbobin da ke cin abinci a inuwar Alhaji duk suka ɗauke ƙafa. Ni da nake buɗe manyan injuna na koma gyaran injin niƙa da na ban-ruwa, ranar kasuwar Guci in goya akwatin kayan aiki a babur in je in zauna jiran masu babura. Akwai lokacin da tukunyar gidana ta san halin da ake ciki. Matata, wadda ta fi kowa tsanar motar, ko sau ɗaya ba ta ce in sayar ba, sai dai ta ce tun da na zaɓi taurin kai to in yi shi da kyau. Yaya kuwa ya yi shekaru ba ya yi mini magana. A filin idi sai ya gaisa da na damana, ya tsallake ni, ya gaisa da na haguna. Wannan ya fi yunwar ciwo.

Ba zan yi muku ƙarya in ce wani abu ya faru da ya nuna wa duniya gaskiyata ba. Babu abin da ya faru. Alhaji bai talauce ba, shagon ma ya gina. Yaya ya ci gaba da aikinsa da kat-kat har sana'ar ta mutu da kanta da farashin mai ya juya. Motata tana nan, na sake mata inji, na kuma yi mata birkin kirki, duk rani muna fako. Yaya yanzu motar haya yake ja tsakanin Magariya da Dungas, da rana, fasinja a gaba awaki a baya, gemunsa ya yi fari. Mun shirya ba tare da kowa ya ba wani haƙuri ba, wata rana ce kawai motarsa ta ƙi tashi ya turo ta gindin dalbejiyata. Amma har yau ya yi imani da na ba shi motar nan da yanzu gidan bene yake ciki. Tun da muka shirya ya raɗa mini suna marowaci, kuma ba ya kirana da wani sunan sai shi, ko a gaban fasinjojinsa.

Kwanan baya aka yi sunan jikansa na fari. Ina zaune cikin 'yan'uwa aka miƙo masa jaririn, ya karɓe shi da hannuwan nan nasa na sitiyari, ya juya shi wajena ya ce, “Buɗe ido ka ga wancan. Marowacin gidanmu ke nan, kada ka taɓa roƙonsa komai.” Aka yi ta dariya. Ni kuwa na tsaya ina kallonsa da jikansa a hannu, sai da na kau da kai kada a ga idona.

Abin da lamarin nan ya koya mini shi ne, an tarbiyyantar da mu a kan cewa to, ba a koya mana cewa a'a ba, alhali akwai ranar da kunya za ta sa ka miƙa ɗan'uwanka ga halaka kana durƙushe kana godiya. Akwai abin da dole ka hana wanda kake so, kuma kada ka zauna jiran ya gode maka, don mai yiwuwa ba zai taɓa yi ba. Yaya ya ci gaba da kirana marowaci har ƙarshen tsufanmu, zan riƙa amsawa. Mai rai ne ke zagi, ni kuwa abin da na nema ke nan.